Soson Katifa a Mashin ɗin Malam Yusha'u

Na manta sunayen rabin mutanen da na yi wa gyara cikin shekara arba'in da na yi ina kanikancin babur a Sabon Gari, amma ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka zauna mu bakwai muka rufe wa Markus shago ba. Ni na kai ƙararsa, ni ne kuma mai laifin. Sunana Sa'idu. Ku da kuke riƙe da sifana yanzu kun taso kun ji ana ce mini Oga, kuna durƙusawa kuna gaishe ni, saboda haka ya kamata ku san abin da Ogan ya taɓa aikatawa.

Bari in fara da yadda ƙungiyarmu take, saboda wanda ba ɗan sana'a ba. Mutum yana shigowa ya koyi aiki a ƙarƙashin wani shekara biyar ko shida, a yaye shi, ƙungiya ta ba shi kati, ta nuna masa inda zai kafa rumfarsa a bakin titi. Wurin ba nasa ba ne, na ƙungiya ne. A sama akwai kwamiti na mutum bakwai, da ciyaman da sakatare a cikinsu, su ke yanke hukunci idan an samu saɓani. A lokacin da nake ba ku labari ina cikin bakwai ɗin nan. Muna da wata doka da muke alfahari da ita ƙwarai: ba a kushe aikin wani oga a gaban mai mashin. Idan ka ga ɓarnar ɗan'uwanka, ka gyara shiru, ka same shi a keɓe. Mun ce wai girmama juna ne. Ni da na daɗe a ciki ina gaya muku, doka ce ta rufa wa juna asiri a kan mutanen da suke ciyar da mu.

Malam Yusha'u ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, yana zaune a Samaru. Aikinsa shi ne bin rugage can bayan Shika yana yi wa shanu allurar rigakafi. Dole ya isa ruga kafin a saki shanu su tafi kiwo, domin in sun fita, aikin ranar ya wuce, ga maganin a cikin kula da ƙanƙara tana narkewa. Mashin ɗinsa tsoho ne ɗan Japan, ya girmi babbar 'yarsa, amma mutumin yana kula da shi kamar doki. Shekara tara yana wuce kanikawan Samaru gaba ɗaya, ya zo har Sabon Gari wurina. Ba ya yarda kowa ya taɓa masa shi sai ni.

A farkon wata damina ya kawo shi sabis. Na juye baƙin mai, na ɗaure sarƙa, na buɗe iya-kilina, wato akwatin da ke tace iska kafin ta shiga kafireta. Na tarar soson ciki ya yage. Soson gaskiya yana nan a layin masu sayar da kayan gyara, tafiyar minti biyar da ƙafa. Ban je ba. Ofishin ƙungiya yana bayan rumfata, a cikinsa kuma akwai wata tsohuwar katifa da wani ciyaman na da ya kawo don kishingiɗar rana. Duk bakaniken layinmu daga jikinta yake yanka. Har ma'auni gare mu, tafin hannu ɗaya. Na shiga da reza na yanko nawa, na cusa, na rufe, na ɗaure ƙusa. Malam Yusha'u yana kan benci yana cin gyaɗa, bai gani ba, ni kuma ban gaya masa ba.

Bayan kamar sati shida sai ga shi ya dawo, gumi ya jiƙa masa riga.

"Sa'idu, mashin ɗin nan ya canja hali," in ji shi. "Da safe sai na yi kik ashirin, har gwiwa ta sage. In ya tashi kuma silo ba ya zama. Ya hau, ya sauka, kamar mai haki. Ina sakin totur a mararraba sai ya mutu a tsakiyar motoci."

Silo shi ne ƙarar da inji ke yi idan yana tsaye ba a murɗa masa komai ba. Lafiyayyen mashin silonsa a kwance yake, kana jinsa kamar agogo. Kowane ɗayanku ya san abin da inji ke bukata kafin ya tashi: wuta, da mai, da iska, sai kuma matsi a cikin inji. Idan aka kawo maka mai wuyar tashi, waɗannan za ka bi ɗaya bayan ɗaya. Na san haka tun kafin a yaye ni. Amma ku ji yadda Oga mai shekara talatin a sana'a ya bi su.

Zuwan farko na cire fulogi, na gan shi baƙi ƙirin da toka. Baƙin fulogi magana yake yi maka, yana cewa mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Ban saurare shi ba. Na sa sabo, mashin ya tashi, na ce ya tafi.

Kwana huɗu ya dawo. Na kwance kafireta na wanke a cikin kwano, na hura ramukanta da baki. A ƙasan kwanon na ga wasu 'yan ɓurɓushi rawaya-rawaya. Na kalle su, na watsar a kwata.

"Dattin mai ne," na ce masa. "Ka daina sayen na 'yan bumburutu."

"Ni ban taɓa sayen man galan ba, Sa'idu. A gidan mai nake sha."

"To gidan man ne. Canja."

Ya canja. Kwana uku ya dawo. A nan na yi abin da kowane malalacin bakanike ke yi, na sa sukuddireba na murɗa ƙusar silo sama, har mashin yana tsaye yana ihu kamar za a yanka shi. Ba zai mutu a mararraba ba kam, amma ciwon yana nan, rufe masa baki kawai na yi da ƙara. Zuwa na huɗu na canja kwayil ɗin da ke ba fulogi wuta, alhali bai yi laifin komai ba. Na biyar na saita tafet, wato tazarar bawul ɗin inji. Duk zuwan da zai yi sai na sake wanke kafireta, shi ya sa yake samun kwana uku ko huɗu na lafiya, ni kuma in ɗauka sabon abin da na taɓa ne ya yi magani. Sau biyar hannuna yana wucewa ta gefen murfin iya-kilina, ban buɗe ba. Me zan duba a can? Ai ni na yi aikin wurin.

Cikin wannan lokaci Malam Yusha'u ya yi ta isa ruga bayan shanu sun fita. Ya gaya mini wani ardo ya ce masa in ba zai iya zuwa da wuri ba ya daina tara masa mutane. Shugabansa a ofis ya kira shi ya ja masa kunne. Da ya zo karo na shida yana faɗa mini haka, sai na gyara zama na yi masa maganar manya.

"Malam, gaskiya ɗaya ce. Ringi ya cinye, sai an buɗe inji. Kuma ka yi haƙuri, ƙafarka ma ba kamar da ba ce. Tsufa ne, kai da mashin ɗin."

Ya kalli ƙafar tasa. Muka sa ranar Litinin za a buɗe inji.

Ranar Juma'ar da ke gabanta mashin ya mutu masa a Samaru, daidai kasuwa, ana yayyafi. Ya yi kik har ya gaji. Rumfar da ta fi kusa ita ce ta Markus, sai ya tura shi can don ya fake.

Markus a lokacin bai fi shekara talatin da biyar ba, yana da mata da 'ya'ya uku. Ɗan Zariya ne, amma ba a hannun ɗayanmu ya koyi aiki ba, makarantar koyon sana'a ya yi. Ya shiga ƙungiya ne don ya samu wuri. Mu da yawancinmu ba mu wuce firamare ba, wannan kaɗai ya isa mu tsane shi. Muna ce masa Injiniya, ba don yabo ba. Muna yi masa dariya domin yana yi wa mai mashin tambayoyi kamar likita, kuma in ya kwance abu sai ya jera shi a kan farin ƙyalle. Mun ce wanda bai iya jin ciwon inji da kunne ba shi ke bukatar ƙyalle.

Abin da ya faru a rumfar, daga bakin Malam Yusha'u na ji shi. Markus ya tambaye shi bayan an wanke kafireta kwana nawa yake yi lafiya. Ya ce uku ko huɗu. Markus ya zuƙo mai daga tanki a cikin kwalba, ya ɗaga wa haske, ya ga fes yake. Ya kwance kafireta, ya sami ɓurɓushin nan rawaya, ya zuba su a kan ƙyallen da muke yi wa dariya, ya danna da yatsa. Ya ce tsatsa ba ta laushi haka. Ya ce in datti ba ta hanyar mai yake shiga ba, to ta hanyar iska yake shiga. Ya kwance ƙusa biyu ya buɗe iya-kilina. Soson ya kumbura ya toshe hanya, gefensa yana zuba kamar garin rogo, inji yana zuƙar garin yana cusawa a ɗan ramin da ke ba silo iska.

"Baba, wa ya sa maka katifa a nan?" in ji Markus.

"Babu mai taɓa mashin ɗin nan sai Oga Sa'idu. Ya ce Litinin ɗin nan zai buɗe inji."

"Kada ka yarda, Baba. Injinka lafiya lau yake. Soson nan ne kawai."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya sa soson gaskiya, ya wanke kafireta, ya maido da ƙusar silon da na murɗe inda take. Kik ɗaya mashin ya tashi.

Malam Yusha'u mutum ne mai haƙuri. Bai zo Litinin ba, bai kuma aiko ba. Sai da ya yi kwana goma yana hawa don ya tabbatar, sannan ya zo rumfata da hantsi, mutane cike da benci. Ya ciro wata farar leda daga aljihu, da marmasasshen soson a ciki, ya ajiye a kan akwatin kayana. Bai ɗaga murya ba.

"Ga ringinka da ya cinye," ya ce. "Wata biyu ina tura mashin kamar amalanke, ka ce ƙafata ce. Ashe katifa na ɗauko nake yawo da ita, ban ko samu na kwanta a kai ba."

Wani ɗan acaɓa a kan benci ya fashe da dariya, sauran suka kama. Ina rantse muku, ba ledar ce ta ƙona ni ba, dariyar nan ce. Ban tambayi kaina ko gaskiya ne ba. Abin da na tambaya shi ne, wa ya gaya maka. Kafin azahar ina gaban sakatare.

Tsarin shi ne a rubuta ƙara, sakatare ya aika wa wanda ake ƙara takarda, a zauna ranar Asabar bayan la'asar. Hukuncin kushe aikin oga shi ne a karɓe kati na wata uku. Akwai kuma wata doka daban da ta ce duk rumfar da ta yi wata biyu a rufe, ƙungiya za ta ba wani wurin. Ba sai mutum ya yi makarantar koyon sana'a zai haɗa biyun nan ba. Duk wanda ya shiga ofishin ranar ya san ba wata uku ake magana ba, wurin cin abincin Markus ake magana. Ni da nake mai ƙara ya kamata in tashi daga kujerar kwamiti. Ban tashi ba, babu kuma wanda ya ce in tashi.

Ciyaman ɗinmu a lokacin Alhaji Tanimu ne, yana fama da ciwon baya, saboda haka ba ya zama kan kujera. A kan katifar nan ya zauna ya miƙe ƙafa. Ta riga ta koma kamar abin da ɓeraye suka yi wa taron dangi, duk gefenta yankan reza ne. A kanta aka yi shari'ar.

Markus ya shigo da gwangwanin madara biyu, da 'yar kwalbar fetur, da almakashi. Malam Yusha'u ya biyo shi, ya kafe mashin ɗinsa a bakin ƙofa, ya bar shi a kunne. Silon yana tafiya a kwance, tik tik tik, ko gargada babu.

"Malam, kai ba ɗan ƙungiya ba ne, ba ka da magana a nan," in ji sakatare.

"Ai ban zo magana ba," in ji Malam Yusha'u. "Mashin ɗin ne zai yi."

"A kashe mashin ɗin nan, yana damunmu," in ji Alhaji Tanimu.

Malam Yusha'u ya tura shi tsallaken titi, inda ba hurumin ƙungiya ba, ya sake kafe shi, ya zauna a kai. Har aka tashi muna jinsa.

Sakatare ya karanta ƙara. Aka ce Markus ya yi magana. Ya durƙusa ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon alfarma ɗaya. A ba ni ɗan yatsa guda daga katifar da kake kai. Ga soson gaskiya na zo da shi. In sa kowanne a gwangwani, in zuba fetur, a ajiye a nan ofis kwana uku. In na katifa bai lalace ba, ni da kaina zan kawo katin."

Ofis ya ɗauki hayaniya. Wani dattijo a cikinmu ya ce shi shekara talatin yana sa soson katifa, babu wanda ya mutu. Wani ya ce na katifa ma ya fi na kamfani, domin mutanen Japan ba su san irin ƙasarmu ba, a can ai titi suke wankewa da sabulu. Ba wanda ya taɓa wuce Kaduna a cikinsu, amma duk suka gyaɗa kai. Ni ma na tashi na yi nawa. Na ce ranar da na fara riƙe sifana ko makaranta ba a sa shi ba. Na ce ni kunnena kaɗai ya fi littattafansa duka. Ina faɗa, mashin ɗin da kunnen nawa ya ce ringinsa ya cinye yana tsallaken titi yana ƙaryata ni.

Alhaji Tanimu ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Injiniya, ba gwajin makaranta muka zo yi ba. Tambaya ɗaya ce. Ka faɗa wa mai mashin aikin Oga Sa'idu ne ya ɓata masa abu, ko ba ka faɗa ba?"

"Na ce masa soson ne, ranka ya daɗe. Za a buɗe masa inji a banza."

"To ka amsa. Amma mu iyaye ne. Ka ba Oga haƙuri, ka fita ka gaya wa mutumin can kuskure ka yi, ba soso ba ne. Magana ta mutu a nan."

Markus ya juyo ya kalle ni. Ina ganin ya ɗauka zan ce wani abu. Na sunkuyar da kai ina gyara hula.

"Oga, ka yi haƙuri da yadda maganar ta iso ka a gaban mutane," ya ce. "Wannan ban so ba. Amma ba zan ce ba soso ba ne, domin soso ne."

Aka ce masu son a karɓe katinsa su ɗaga hannu. Bakwai cif, har da nawa. Me kuke tsammani? Mutum bakwai ne da kowannensu ya taɓa sa reza a katifar nan. In aka ce Markus ya yi gaskiya, an ce dukkanmu mun shekara muna cusa wa mutane shara a inji. Ya ciro katin daga aljihun gaba ya ajiye a gaban sakatare, ya yi sallama ya fita. Gwangwanayen ya bar su a bakin ƙofa.

Har zuwa nan zan iya cewa fushi ne da jahilci. Abin da ya biyo baya ba ni da sunan da zan ba shi.

Washegari da safe na ɗauke gwangwanayen kafin a buɗe ofis. Na yanko katifa, na sayi soson gaskiya, na zuba fetur, na ɓoye a bayan rumfata ƙarƙashin tsohuwar taya. Kwana uku na buɗe. Na katifa ya kumbura ya cika gwangwani, ina murza shi ya marmashe a yatsana, rawaya, irin wanda na watsar a kwata. Ɗayan na matse shi ya koma yadda yake.

Dokar ƙungiya ta ce mai ƙara yana iya janye ƙararsa cikin kwana goma sha huɗu, hukunci ya faɗi. Saura kwana goma a hannuna. Daga rumfata zuwa teburin sakatare taku ashirin ne. Kullum sai in ce gobe. In tuna dariyar ɗan acaɓan nan, in ce to in na janye, wace dariya za a yi?

Abin da na yi maimakon haka shi ne, duk mashin ɗin da na san na taɓa cusa wa katifa, in mai shi ya zo, sai in ce bari in yi maka ɗan sabis, in juya baya in canja soson, in jefa tsohon a buhu. Wata rana na je layin masu kayan gyara na sayi soso goma. Ina fitowa daga shagon sai ga Alhaji Tanimu yana shiga, ya riƙe baya da hannu ɗaya. Ya kalli ledata, na kalli samfurin soson da ke hannunsa.

"Oga Sa'idu, ya aiki?"

"Alhamdu lillahi, Ciyaman. Ya bayan?"

"Da sauƙi."

Muka wuce juna. Kwana goma sha huɗun suka cika a cikin satin.

Da wata biyu suka cika aka ba ɗan ƙanwar Alhaji Tanimu rumfar Samaru. Markus bai dawo karɓar katinsa ba. Na ji ya koma ɗaure akwatin kaya a bayan mashin yana bin fadamun Shika yana gyara wa manoman rani injin ban ruwa, yana yini cikin taɓo. Malam Yusha'u kuwa bai sake taka rumfata ba. Yakan wuce ta titinmu a kan mashin ɗin nan, ya ɗaga mini hannu kamar yadda ake ɗaga wa wanda aka sani a jana'iza. Ya hau shi har ya yi ritaya, ba a taɓa buɗe injin ba.

Shekara goma sha ɗaya na yi da abin nan a ciki. Sai da ido ya fara ƙi, na daina ganin ramin kafireta, na ajiye aiki, sannan na samu zuciyar neman Markus. Aka ce yana Hanwa, yana da shagon gyaran janareta da injin ruwa, ba ruwansa da ƙungiyarmu. Na hau Keke mai ƙafa uku na je da rana tsaka. Na same shi a tsugune, furfura ta fara fito masa, ga farin ƙyalle a shimfiɗe a gabansa. Ya gane ni nan take, ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya aika aka kawo ruwa.

Na gaya masa komai, har gwangwani, har haɗuwata da Ciyaman. Na ce soso ne, kuma tun kwana na huɗu na sani. Na ce ya yafe mini.

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Oga, shekarar nan sai da na cire babban ɗana daga makaranta zango biyu," ya ce. "Ban faɗa don ka ji ciwo ba, na faɗa don ka san nauyin abin da kake nema. Na yafe, Allah ya yafe mana duka. Amma ka ba ni dariya. Ka hawo Keke tun daga Sabon Gari ka zo ka gaya mini soso ne? Ai ni na gaya maka. Je ka gaya wa waɗanda ba su sani ba."

Shi ya sa nake gaya muku. In an kawo muku mashin mai wuyar tashi, silo yana hawa yana sauka, ku bi wuta, ku bi mai, ku bi iska, kada ku tsallake ko ɗaya. Ku saurari abin da launin fulogi ke faɗa. In kun wanke kafireta ciwo ya dawo bayan kwana uku, to datti yana da ƙofar da yake shigowa, ku nemo ta. Kada ku taɓa ƙusar silo don ku rufe wa inji baki. Kafin ku zargi mai sayar da fetur, ko mutanen Japan, ko ƙafar dattijo, ku fara buɗe wurin da hannunku ya taɓa a ƙarshe. Nan ne wurin da bakanike ba ya son dubawa, nan ne kuma ciwon ya fi zama.

Game da mutanen sana'armu kuwa, abin da na koya ba mai daɗi ba ne. Mun fi jin tsoron dariyar benci a kan haƙƙin mutum. Za mu iya gyara kuskure a ɓoye sau ɗari, amma mu buɗe baki sau ɗaya mu ce mun yi, wannan ya fi ƙarfinmu. Dokar hana kushe aikin oga tana nan a littafin sakatare har yau, kuna karanta wa sababbin shiga ita kuna jin kun yi abin kirki.

Makon jiya na shiga ofishin ƙungiya don in ba sakatare wannan labari a rubuce. Aka zaunar da ni a kan katifa. Tsohuwar ta daɗe da ƙarewa, an kawo wata. Tunda ido ba ya gani sosai, sai na kai hannu na shafa gefenta. Yankan reza ne, sabo, tafin hannu ɗaya.